Kimiyya A Zaure: Lasifikar Kunnen Da Ta Fi Mota Tsada

 

Duk wanda ya ratsa Briqueterie da yamma, tun daga wajen masu tsire har zuwa layin teloli, zai ga matasanmu da waya rataye a kunne, wani yana jin karatun Alƙur'ani, wani wa'azi, wani waƙa, wani kuma labarin ƙwallo. Wannan abu shi masu Faransanci ke kira casque, mu kuma a wannan fili za mu kira shi lasifikar kunne. Galibi a kasuwar Mokolo ko a Avenue Kennedy ake sayo ta da 'yan kuɗi kaɗan, in ta mutu a jefar a sayi wata. To amma akwai wani irinta da kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ya fitar a shekarar 2015, ya sa mata kuɗi kimanin Yuro dubu 50. Da yake Yuro ɗaya Sefa 655 ne da 'yan kai, wannan ya haura Sefa miliyan 32 ke nan. Mutum zai sayi mota da wannan kuɗi, har ya sami canji.

Na san babu wanda zai rufe wannan shafi ya tafi nemanta. Dalilin kawo maganar uku ne. Na farko, ilimin da ke cikinta shi ne wanda 'ya'yanmu ke karantawa a makarantar sakandare suna cewa ba su ga amfaninsa ba. Na biyu, muna da matasa masu gyaran rediyo da waya, kuma akwai abin da ya kamata su sani kafin su buɗe irin wannan na'ura. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne kunnen da ake ɗora wa abin.

Kwantaccen lantarki

Lantarkin da muka saba da shi mai gudu ne a cikin waya, kamar ruwa a cikin bututu. Akwai kuma wanda ke taruwa ya kwanta a jikin abu, shi ne nake kira kwantaccen lantarki. Waɗanda suka taɓa yin hunturu a Garwa ko Marwa sun san shi. Ka ja bargo da dare ka ji ƙas-ƙas, har ka ga ɗan tartsatsi a cikin duhu, ko ka miƙa hannu za ka buɗe ƙofar mota ka ji abu ya tsunkule ka. Waɗanda suka yi zamani da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuwa za su tuna yadda ƙura ke manne wa gilashinta, da yadda gashin hannu ke miƙewa in an kusance ta.

Kowane yaro zai iya gwada shi a gida. Ka goga biro na roba a gashin kanka ko a busasshen ƙyalle, ka kusanta shi ga 'yan guntayen takarda, za ka ga sun yi tsalle sun manne masa. Girkawan dā sun lura da haka fiye da shekara 2,500 da suka wuce, a jikin wani daskararren ƙaron itace da suke kira elektron. Daga wannan suna kalmar Turawa ta fito, wadda mu muka mayar lantarki. Abin sha'awa, kalmar kahraba ta Larabci ma sunan wannan ƙaro ne tun asali.

Cajin lantarki iri biyu ne, ana yi wa ɗaya alamar tarawa, ɗaya alamar ɗebewa. Iri ɗaya in sun haɗu sai su ture juna, mabambanta kuwa sai su jawo juna, kuma gwargwadon kusancinsu gwargwadon ƙarfin turin ko jan. Wani Bafaranshe mai suna Charles-Augustin de Coulomb ne ya auna wannan ya fitar da lissafinsa a shekarar 1785. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan ƙa'ida, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya tsaya.

Yadda sauti ke fitowa

Sauti dai motsin iska ne. Mai kalangu ya doki fata, fatar ta yi rawa, ta ture iskar da ke gabanta, iskar ta zo ta kaɗa dodon kunnenka. Kowace lasifika a duniya aikin fatar kalangu take yi, bambancin kawai shi ne abin da ke kaɗa fatar.

A lasifikar da muka saba da ita, ta rediyo ce ko ta masallaci ko ta kunne, akwai maganaɗisu, da kuma naɗin siririyar wayar tagulla da aka liƙa a bayan fatar. In lantarkin sauti ya bi ta naɗin, sai naɗin ya riƙa gaba da baya a cikin maganaɗisun, yana jan fatar tare da shi. Dabara ce mai kyau, mai araha, mai jure wahala. Aibinta shi ne naɗin yana da ɗan nauyi, kuma daga wuri ɗaya yake tura fatar, saboda haka wani sashe nata yakan makara ko ya lanƙwasa, sautin ya ɗan gurɓata.

Ita kuwa mai kwantaccen lantarki ba ta da maganaɗisu, ba ta da naɗin waya. Abu uku ne a cikinta. Akwai faifai biyu masu ɗaukar lantarki, an huhhuda su kamar rariya don sauti ya sami hanyar fita. A tsakaninsu an ɗaure wani tantani na roba, wanda kaurinsa bai wuce 'yan maikiron kaɗan ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuwa yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Tazarar da ke tsakanin tantanin da kowane faifai kimanin rabin milimita ce.

Ana ɗora wa tantanin caji ya kwanta a jikinsa, sa'an nan a aika lantarkin sauti zuwa faifan biyu a juye da juna, wato in na gaba ya zama tarawa, na baya ya zama ɗebewa. Sai ɗaya ya jawo tantanin, ɗayan ya ture shi. Da sautin ya juya, su ma sai su sauya aiki. Haka tantanin zai yi ta kai da kawowa, sau dubu a daƙiƙa ɗaya ko sau dubu goma, gwargwadon kaurin murya ko sirantarta. Da yake ba shi da wani nauyin kirki, kuma ana tura ko'ina a jikinsa lokaci guda, yakan tashi nan take ya tsaya nan take. Wannan ya sa masu saurare ke yaba ta wajen fito da ƙananan abubuwa, kamar numfashin mai karatu tsakanin aya da aya, ko gogar yatsa a kan tsirkiyar garaya.

Dalilin amfilifaya ta musamman

Ga inda gizo ke saƙa. Turin da kwantaccen lantarki ke yi ba shi da ƙarfi sosai, sai an ɗaga matsin wutar ƙwarai kafin tantanin ya motsa yadda za a ji. A nan sai mu bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Bolt shi ne ma'aunin matsi, kamar tankin ruwa da aka ɗora a kan tudu, gwargwadon tsayin tudun gwargwadon ƙarfin feshin famfo. Amfiya kuwa ma'aunin yawan abin da ke kwarara ne. Lasifikar da muka saba da ita tana son kwarara mai ɗan yawa da matsi kaɗan. Wannan kuwa tana son matsi mai yawa da kwarara 'yar ƙanƙanuwa.

Ramin da ake cusa lasifikar kunne a jikin wayar hannu yana ba da kimanin bolt 1 ne. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Amma cajin da kamfanin Stax na Japan ke kwantar wa tantaninsa bolt 580 ne, a tsofaffin samfurori kuma bolt 230, ban da lantarkin sautin kansa da ke hawa da sauka da ɗaruruwan bolt a kan faifan. Saboda haka ko ka sami irin wannan lasifika kyauta, ba za ta yi ko tari ba sai da amfilifayarta. Filoginta ma daban ne, mai ƙafa 5 ko 6, don kada a cusa shi inda bai dace ba.

Hanya biyu ake bi wajen samar da wannan matsi. Ta farko ita ce ɗan akwati mai taransifoma a ciki, wanda ake jona wa amfilifayar gida ta yau da kullum, ya ɗaga matsin sautin. Masu kula da lasifikar masallatai ba baƙi ba ne ga wannan dabara, domin da yawa daga cikin amfilifayoyin masallaci suna ɗaga sauti zuwa bolt 100 kafin su aika shi ta doguwar waya zuwa saman hasumiya, a can kuma ƙaramar taransifoma ta sauke shi. Hanya ta biyu ita ce amfilifayar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, wadda ke fitar da babban matsin kai tsaye. Wasu da taransista ake yin su, wasu kuma da bawul, wato ƙwan gilashin nan mai ja da zafi na cikin rediyon kakanninmu. Bawul ya dace da aikin, domin tun asali da matsi mai yawa yake aiki.

Mai karatu zai ce, to wa zai ɗora bolt 580 a gefen kansa? Amsar ita ce, an sa wani abin tare wuta mai ƙarfin miliyoyin om a kan hanyar cajin, yadda abin da zai iya wucewa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba. Tartsatsin bargon hunturu ma dubban bolt ne, bai kashe kowa ba, saboda abin da ke kwarara kaɗan ne ƙwarai. Amma cikin akwatin amfilifayar wani labari ne daban. A can akwai kondensa masu riƙe ɗaruruwan bolt da isasshiyar kwararar da za ta iya tsayar da zuciya, kuma sukan riƙe wutar ko bayan an zare filogi daga bango. Ƙannena masu gyara, wannan gargaɗi ya shafi kowace amfilifaya mai bawul, da tsohuwar talabijin, da injin ɗumama abinci na lantarki. A zare filogi, a sauke cajin kondensa ta hanyar da ta dace, a auna da mita a tabbatar, sa'an nan a sa hannu. Wanda bai koya a wajen gwani ba, ya bar shi a rufe.

Ɗan tarihi

Lasifikar kunne ta girmi yawancinmu. Wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera ta a gidansa a jihar Utah a 1910, rundunar sojan ruwan Amurka ta saya. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fitar da DT 48, mai maganaɗisu da naɗin waya. Babbar lasifikar ɗaki mai kwantaccen lantarki kuwa ta shahara ne a 1957, lokacin da Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya sa tasa a kasuwa.

Wanda ya fara sa wannan dabara a kunne shi ne Naotake Hayashi na Japan, wanda ya kafa kamfaninsa a 1938, kamfanin da daga baya ya ɗauki sunan Stax. Samfurinsa na farko, SR-1, ya shiga kasuwa a 1960. Kamfanin Koss na Amurka ya biyo baya da ESP/6 a 1968. Stax ya fitar da SR-Lambda a 1979, shekarar da Sony ya fitar da Walkman, sa'an nan a 1982 ya ɗaga cajin zuwa bolt 580. A 1991 Sennheiser ya ƙera Orpheus, guda 300 kacal, kowace da amfilifayarta mai bawul. Magajiyarta ita ce ta 2015 da muka ambata, wadda aka sassaƙa mazaunin amfilifayarta da dutsen marmara na Carrara a Italiya, da bawul 8 a kai.

Akwai darasi ga 'yan kasuwarmu a nan. Duk da sunan da Stax ya yi, kamfanin ya durƙushe a 1995, sai ma'aikatansa suka sake tayar da shi a 1996, kuma a 2011 kamfanin Edifier na ƙasar Sin ya saye shi. Kaya mai kyau in masu sayensa kaɗan ne, riƙe shago da shi sai an yi da gaske.

Za ta yi a Yawunde?

Gaskiyar magana, garinmu bai dace da ita ba sosai. Abokan gabanta biyu ne, laima da ƙura, mu kuwa muna da damina biyu a shekara, daga Maris zuwa Yuni da kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, in rani ya zo kuma jar ƙura ta tashi. Iska mai laima tana tsotse kwantaccen caji, shi ya sa gwajin biro da takarda kan ƙi yi wa malami a aji ranar da aka kwana ana ruwa, amma ya yi kyau a watan Janairu. In laima ta shiga lasifikar, sai kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. In ƙura ko silin gashi ya faɗa cikin tazarar nan ta rabin milimita, sai ka ji tsuwa da ƙas-ƙas, wani lokaci har tartsatsi ya huda tantanin. Ga kuma wutarmu mai hawa da sauka, wadda ba ta raga wa kayan lantarki masu tsada.

Bugu da ƙari, bayanta a buɗe yake. Duk abin da kake ji na kusa da kai zai ji, kai ma za ka ji ƙarar babura da injin niƙa da keken ɗinki. Ga shi yawancinsu sai an zauna kusa da soket. Abin ɗaki ne mai shiru, ba na kan titi ba. Don haka in wani ya miƙo maka 'yar lasifika ta Sefa dubu biyu ko uku, an rubuta a kwalinta cewa mai kwantaccen lantarki ce, ka tambaye shi ina amfilifayarta. Ta gaskiya, ko mafi araha a cikinsu, kuɗinta dubu ɗaruruwa ne na Sefa.

Sai dai kada 'yan makaranta su ce ilimin na masu kuɗi ne. In aka juya dabarar, wato murya ta kaɗa tantani, motsinsa ya haifar da lantarki, an sami makirfo ke nan. A 1962 wasu masana biyu a ɗakin binciken Bell na Amurka, Gerhard Sessler ɗan Jamus da James West, wanda baƙar fata ne ɗan Amurka, suka ƙera makirfo mai tantanin da cajinsa ke zaune daram ba sai an yi ta ɗora masa ba. Irinsa aka riƙa sa wa rakoda da tarho da na'urar taimaka wa ji, kuma 'yan mitsi-mitsin makirfo da ke cikin wayoyin hannu na yanzu a kan wannan ƙa'ida ta faifai da tantani suke aiki. Ashe duk wanda ya aika saƙon murya zuwa Kano ko Ngaundere, ya ci moriyar lissafin Coulomb bai sani ba.

Kunnen da ba shi da kasuwa

Yanzu sai babbar magana. A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin dubu 15, su ne ke mayar da motsin iska ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin ba ya zuwa da ciwo. Da sannu yake ci, sai mutum ya wayi gari yana cewa "na'am?" sau uku kafin ya gane abin da aka faɗa masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A ma'aunin da ta fitar tare da Hukumar Sadarwa ta Duniya a 2019, babba zai iya jin ƙara mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa desibel 75. In ƙarar ta kai desibel 90, awa 4 ne kawai a mako. Wayoyi da yawa suna iya haura desibel 100 in an ƙure su, a nan kuma maganar mintoci ake yi.

A irin unguwarmu haɗarin ya fi yawa, domin hayaniyar titi ce ke sa yaro ya ƙure ƙarar don ya ji. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, a kuma riƙa hutar da kunne. Ni kuma zan ƙara da uku. Iyaye, in kuna jin abin da yaro ke saurare alhali lasifikar tana kunnensa, ƙarar ta yi yawa. Matasa, in kun cire kun ji kunne yana ƙugi ko ya toshe, kashedi ne, a rage, in ya daɗe kuma a ga likitan kunne. Masu tuƙa babur kuwa, don Allah a cire ta gaba ɗaya a kan hanya, domin ohon mota ne ke raba mutum da asibiti. Masu kula da lasifikar biki da ta wa'azi su ma su tausaya wa yaran da ke zama a gindinta. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya, zai yi kyau malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya su ware ko da rabin awa ne su yi wa yara wannan bayani.

Mai lasifikar miliyan 32 da mai ta dubu biyu duk kunne biyu Allah Ya ba su, kuma babu shagon da ake sayar da na uku. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Aikin gida ga 'yan makaranta shi ne, ku gwada biro da takarda sau biyu, ranar da aka yi ruwa da ranar da gari ya bushe, ku rubuto mana abin da kuka gani ta hannun edita. Allah Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.